Tambaya da Amsa: Ɗora Bodin Tsohuwar Land Rover a Kan Shasin Discovery

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Land Rover Series III mai dogon bodi, wadda ake kira 109, kuma ta shekara da shekaru a gindin dogon yaro a ƙofar gida, har kaji sun mayar da ƙarƙashin kujerarta akurki. Bodinta lafiya lau yake, amma tsatsa ta cinye shasin, injin kuma ya buga. Wani bakanike ya ba ni shawarar in sayi Discovery wadda bodinta ya lalace, a sauke shi a ɗora na tamu, domin in riƙa shiga gona da ita da damina. Shin wannan aiki yana yiwuwa a nan Bauchi, kuma me ya kamata in kula da shi? Daga wani mai karatu a Dass.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Aikin yana yiwuwa, kuma bakaniken naka bai yi zaɓen banza ba, domin motocin biyu 'yan gida ɗaya ne. An ƙera Series III daga 1971 zuwa 1985 da bodin alminiyam, shi ya sa yake nan garau alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe. Ita kuwa Discovery ta farko, wadda aka yi daga 1989 zuwa 1998, tana da sifirin mai naɗi a maimakon sifirin na faranti da ke jijjiga ƙugun mutum, da birkin faifai a ƙafa huɗu, da sitiyari mai taushi, kuma tayoyinta huɗu suna ja a kowane lokaci.

Sai dai kafin ka biya ko sisi, ka ɗauki tef ɗin awo. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya a motarku inci 109 ce, daga nan sunan ya samo asali, ta Discovery kuwa inci 100 ce. Wannan bambanci na inci 9 dole ya fita daga wani wuri: ko dai a yanka shasin a yi masa ƙari, ko kuwa a rage tsawon akwatin bodin na baya har gurbin taya ya zo daidai kan taya. Ra'ayina shi ne a rage bodi a bar shasi yadda kamfani ya yi shi. Masu walda da yawa za su fi son yanka shasin domin sun saba da baƙin ƙarfe, alminiyam kuwa yana ba su wahala, amma shasin ne yake ɗauke da nauyin motar da ran duk wanda ke cikinta, kuma da zarar an taɓa tsawonsa sai an sauya farfela da bututun birki da na mai. Na taɓa bin bayan wata mota da aka yi wa irin wannan ƙari a wani gareji, tana tafe a karkace kamar kare mai gudu, kuma mai ita ya ce mini tayoyin baya ba sa yi masa wata shida.

Duk da haka walda ba ta ƙare ba, domin sai an ƙera sababbin kafaɗu a jikin shasin inda bodin zai zauna. A yi wannan a kan daɓen siminti mai daidaito, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke daura da ita ta ɓangare biyu, kuma kada a ɗaure noti ɗaya tamau sai ƙofofi sun rufu ba tare da an doka su ba. Duk inda alminiyam zai haɗu da baƙin ƙarfe a sa roba a tsakani, in ba haka ba wurin zai yi farin gari ya huje. A duba bangon da ke tsakanin injin da direba da kyau, domin shi ƙarfe ne, kuma ta wajen da mutum yake ajiye ƙafafunsa yake fara ruɓewa.

Akwai abu biyu da za su ɗan sauya kamannin motar, gara ka sani tun yanzu tunda don tunawa da mahaifi kake yi. Ƙafafun Discovery sun fi faɗi, tayoyi za su leƙo waje da kimanin inci 3 a kowane gefe, sai an ƙara musu rumfa. Sannan fuskar Series III a lotse take tsakanin fitilu, lagireto da sauran kayan sanyaya injin Discovery kuwa suna son fili, don haka sau da yawa sai an turo fuskar gaba, kamar yadda kamfanin da kansa ya yi wa samfurin Series III mai injin V8 a 1979.

Wajen injin, ka nemi mai gas, wato dizal, 200Tdi ko 300Tdi, dukansu lita 2.5, waɗanda famfon mansu galibi ba ya dogara da kwamfuta. Ka kauce wa Discovery ta biyu mai injin Td5, domin wayarin ɗinta zai ɗaure wa mai gyaran ƙauye kai. Ka sauya bel ɗin tayimin tun motar tana tsirara, ka kuma tabbatar agogon zafi yana aiki, domin 300Tdi ba ya yafe rashin ruwa. Abin da ba ka samu a Bauchi ba, sai ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna.

Idan za ka sayi Discovery ɗin, ka shiga ƙarƙashinta da guduma ka ƙwanƙwasa shasin, musamman ta baya, domin motocin da suka sha gishirin titunan Turai ta ciki suke ruɓewa. Ka tabbatar sitiyarinta a hagu yake kamar yadda ake tuƙi a Najeriya tun 1972. Ka karɓi takardun kwastan da rasidin ciniki, ka gwada lambar da ke jikin shasin da wadda ke cikin takarda, kada kuma walda ko fenti su rufe ta. Kafin a kunce noti na farko, ka je ofishin VIO a Bauchi da takardun motocin biyu ka yi musu bayanin abin da kake shirin yi, domin lambar shasi jami'ai suke dubawa a hanya, kuma da ita za a yi wa motar rajista da inshora.