Tambayoyin Masu Karatu: Ginin da Mandela ya tsaya a barandarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun kalli jawabin shekara na Shugaba Cyril Ramaphosa a talabijin, sai gardama ta ɓarke a majalisarmu ta shayi, wasu suna cewa tsohon ginin nan mai hasumiyar agogo da aka yi jawabin a cikinsa shi ne majalisar dokokin Afirka ta Kudu, wasu kuma suna cewa coci ne. Don Allah a warware mana, kuma me ya sa ya yi kama da ginin Turawa? Daga wani mai karatu a Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Duka ɓangarorin biyu ba su dace ba. Wannan shi ne tsohon ginin majalisar birnin Cape Town, wanda ke kan titin Darling, yana fuskantar babban filin taro na Grand Parade. Abin da ya kai shugaban ƙasa can shi ne gobarar da ta cinye zauren majalisar dokoki a ranar 2 ga Janairu, 2022, wadda ta tilasta aka nemi wani wuri mai fāɗi, aka gabatar da jawabin a nan cikin watan Fabrairu na 2022, aka kuma maimaita haka a shekarun da suka biyo baya.

Kamarsa da ginin Turawa kuwa da gangan aka yi ta. An aza harsashinsa a 1900, lokacin da yankin Cape yake hannun Ingila kuma ana tsakiyar yaƙi tsakanin Ingilishi da Boer, wato Turawa 'yan asalin Holland da suka zauna a ƙasar, aka kammala shi a 1905. Gasa aka sa wa masu zanen gini, Harry Austin Reid da Frederick George Green suka yi nasara da wani zane irin na tsofaffin fadojin Italiya, mai jerin ginshiƙai da tagogi masu baka da baranda a gaba. Dutsen nan mai launin zuma da aka yi bangon da shi ba na ƙasar ba ne, daga garin Bath na Ingila aka ɗauko shi a jirgin ruwa, alhali birnin yana zaune ne a gindin dutsen Table, inda dutse bai yi ƙaranci ba. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna nufin masu ginin, wato duk wanda ya sauka daga jirgi ya ɗaga kai ya san cewa ya shigo garin Sarkin Ingila. Yawancin kayan cikinsa ma daga Turai suka zo, har da katafaren ogan na babban zauren, wato abin kiɗa irin na coci, mai bututu fiye da 3,000, aikin kamfanin Norman and Beard. Wataƙila wannan ogan da ƙararrawar hasumiyar su ne suka sa abokanka zaton coci ne.

Sai dai yau abin da ke kawo baƙi wurin ba dutsen Bath ba ne. A ranar 11 ga Fabrairu, 1990, bayan Nelson Mandela ya fito daga kurkukun Victor Verster da ke kusa da Paarl, ya shafe shekara 27 a tsare, nan aka kawo shi da maraice, ya hau barandar ya yi wa dubban mutanen da suka cika filin jawabinsa na farko. Idan ka duba hotunan ranar da kyau za ka ga wani mai gemu a gefensa yana riƙe masa makirufo. Ramaphosa ne, wanda a lokacin yake jagorantar ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai. Matsayin wannan baranda a wurin mutanen Afirka ta Kudu ya yi kusa da matsayin tsohon filin Polo na Accra a wurinmu, inda Kwame Nkrumah ya shelanta 'yancin kai a 1957. A 2018 aka kafa mutum-mutumin Mandela na tagulla a barandar, hannunsa a sama.

Ofisoshin hukumar birnin sun daɗe da komawa wani dogon gini na zamani da ake kira Civic Centre, saboda haka wanda yake da takardar fili ko kuɗin ruwan famfo can zai nufa. Tsohon ginin an bar shi ga tarurruka da bukukuwa da kiɗe-kiɗe, kuma ƙungiyar makaɗan birnin tana yawan yin wasanta a zaurensa.