Wace risha zan saya in ɓoye kan sukuru a cikin katako?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Jidda:

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata warsha ta kafinta anan Jidda, an bani aikin teburin cin abinci da benci biyu na katakon zan, wani katako ne mai tauri, mai aikin yace baya son ganin kan sukuru ko ɗaya. Na ɗauki risha, wato bakin dirili, mai mili 10 cikin waɗanda muke huda ƙarfe dasu na yi rami, bakin ramin duk ya yayyage, matoshin katako da na sayo don rufe ramin kuma yana lilo a ciki, sannan sukuru biyu sun karye min. Dan Allah wace risha ya kamata in saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Matsala uku ka kawo kuma kowacce da dalilinta, amma tushensu ɗaya ne: kana neman risha ɗaya tayi aikin rami uku. Duk sukurun da za'a binne kansa a rufe da matoshi, rami uku yake so a jere a wuri ɗaya. Na sama mai faɗi, shine gurbin da kan sukuru zai zauna matoshi ya hau kansa. Na tsakiya wanda ya ratsa katakon sama, jikin sukuru zai wuce ta ciki ba tare da tiredi, wato zaren jikin sukurun, ya kama ba. Sai na ƙasa ɗan siriri a cikin katakon da ake ɗaurewa a jiki, nan ne kawai tiredi zai ci.

Kafin ka shiga shago ka fara ɗaukar sukurun da zakayi aiki dashi ka auna kansa. Irin waɗanda suka cika kasuwa anan, kan yana kusan ninki biyu na kaurin jiki: mai mili 3.5 kansa wajen 7, mai mili 4 kansa 8, mai mili 5 kansa 10. Toh gurbin sama sai yafi kan faɗi kaɗan, don haka sukuru mai mili 4 gurbin mili 10 ne daidai dashi, mai mili 5 kuma ka bashi 12. In ka cusa kai mai mili 10 a rami mai mili 10 zai goge bango yana shiga, ya lalata bakin da matoshi zai kama.

Yanzu ita rishar gurbin. Wadda ka ɗauka ta ƙarfe ce, bakinta an wasa shi a karkace wajen digiri 118, tsakiyarta ce ke fara taɓa katako gefen kuma sai daga baya, shi yasa take tsinka jijiyar katako tana ɗagowa maimakon ta yanka, ga yawo da takeyi kafin ta kama wuri. Ba laifin hannunka bane. Abu biyu ne ke wannan aikin da kyau. Akwai rishar katako mai ɗan tsini a tsakiya da ƙaho biyu a gefe, tsinin ya riƙe ta a kan alamar da kayi, ƙahonin su zana da'ira su yanke jijiya kafin a kwashe ciki. Sai kuma Forstner, mai zagayayyen kai, wadda duk kafintan kicin ya sani saboda mai mili 35 ɗinta ake huda gurbin hinjis na ƙofar kabad da ita. Akwai ƙananunta, 10, 12, 15. Ita tafi kowa bada baki mai tsabta da ƙasa shimfiɗaɗɗe, kuma ni don aikin zan da za'a shafa wa banish kowa ya gani, ita zan saya. Mai tsini da ƙaho ma tana yi in sabuwa ce mai kaifi, kuma tafi sauƙin riƙewa a dirilin hannu. Wadda bana so ka kusanta ita ce mai faɗin nan kamar cebur, tsininta dogo ne sosai, a katako mai mili 18 ko 20 zai iya leƙowa ta baya tun gurbin bai kai zurfi ba, kuma bakinta ba tsabta. A barta wa masu wuce da waya da bututu.

Maganar matoshi mai lilo, inaga nasan abinda ya faru. Kasuwar nan kaya iri biyu ne a gauraye, na awon mili daga Turai da Sin, da na awon inci irin na Amurka. Matoshi mai inci 3/8 mili 9.5 ne, in ka saka shi a ramin mili 10 dole yayi lilo, kuma gam bazai ɓoye wannan zoben ba, in an shafa banish ma sai ya ƙara fitowa baƙi. Haka inci 1/2 mili 12.7 ne, bazai shiga ramin 12 ba. Ƙari akan haka risha a dirilin hannu takan buɗa rami fiye da lambarta in hannu ya ɗan girgiza. Don haka risha da matoshi tare ake sayensu, awo ɗaya, in son samu ne kamfani ɗaya.

Amma shawarar da tafi wannan, kar ka sayi matoshi kwata-kwata, ka yanka naka. Akwai risha mai rami a ciki da ake yanko matoshi da ita, sau da yawa ana sayar da ita a saiti ɗaya da rishar gurbin. Ka nemi wadda ke fitar da matoshi mai ɗan tsukewa a ƙasa, gindinsa ya shiga da sauƙi, yana nutsewa yana ƙara matsewa har bakin ya rufe ruf. Ka yanko daga ragowar katakon teburin nan ɗin, daga fuskar katakon ba daga kansa inda aka datse jijiya ba, launi ɗaya jijiya ɗaya, in ka daidaita layin jijiyar da na teburin sai mutum ya sunkuya ya nema kafin ya gani. Sandar dawul, zagayayyiyar sandar katakon nan, da wasu ke yankawa su toshe da ita kan katako take nunawa, shi kuma yafi shan banish, sai kaga ɗigo-ɗigo masu duhu a kan tebur, mai aikinka da yace baya son ganin sukuru bazai ji daɗin wannan ba. Abu ɗaya dai, wannan rishar bata da tsini a tsakiya, don haka a dirilin tsaye na kan tebur ake aiki da ita. In babu shi a warsharku, ka huda rami daidai faɗin bayanta a wani guntun katako, ka matse shi a kan wanda zaka yanka ya zame mata jagora, in ba haka ba zata yi tsalle ta ji maka ciwo.

Karyewar sukuru kuma daga ramin ƙasa ne. Zan katako ne mai tauri da cikar jiki, baya buɗa wa sukuru hanya kamar suwaidi, katakon nan mai laushi. A suwaidi sukuru mai mili 4 ramin 2.5 ya ishe shi, a zan ko katakon maranti mai nauyi ka bashi 3. Mai mili 5, a suwaidi 3, a zan 3.5. In baka da tabbas ka ɗaga risha a gaban sukuru ka duba a haske, ta rufe sandar tsakiya amma tiredi na leƙowa ta gefe biyu, toh ita ce. Kuma ramin ya kai tsawon inda sukuru zai tsaya, yawancin karyewa a ƙarshe take faruwa, lokacin da bakin sukuru ya iske katakon da ba'a huda ba kai kuma kana ta danna dirili. Ka ɗan goga kyandir a tiredi, ka rage ƙarfin kulocin dirilin. Tunda a Jidda kake ga danshi ga iskar teku, in bencin a waje ko a tsakar gida zai zauna sukurun sitenles ya dace, sai dai ka sani yafi na ƙarfe baƙi laushi, shi yafi saurin murɗewa ya karye, don haka ramin jagora, wato siririn nan na ƙasa, a gareshi dole ne.

Ramin tsakiya shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ke sa katako biyu su ƙi haɗuwa. In tiredi ya kama katakon sama ya kama na ƙasa, duk ɗan tazarar dake tsakaninsu haka zata zauna komai ɗaurinka. Ka huda na sama da risha daidai kaurin sukuru ko ta ɗara da rabin mili, 4 ko 4.5 ga mai mili 4, sukurun ya zura da hannu.

Jerin aikin ma yana da muhimmanci: babba tukuna. Ka fara da gurbin, tsinin Forstner zai bar maka ɗan ɗigo a tsakiyar ƙasan ramin, a nan zaka ɗora rishar ramin tsakiya, sannan ka haɗa katakon biyu ka matse ka huda siririn. In ka fara da ƙaramin rami tsinin babbar bashi da abin kamawa, sai ta dinga rawa tana cin baki. Zurfi kuma, matoshi yana son kamar mili 6 zuwa 8 a saman kan sukuru, amma kar ka cinye fiye da rabin kaurin katakon, abinda ya rage ƙarƙashin kai shine ke riƙe komai. Ka saka zoben tsayawa a jikin risha ko ka naɗa tef. Kuma ka tuna duk milin da ka nutsar da kai, bakin sukuru ya ƙara gaba da mili ɗaya a ƙasa, ka sake lissafin tsawo kar ya ɓullo a fuskar tebur.

Wani abu da ba kowa ke lura ba, ƙasan gurbin ya dace da ƙasan kan sukuru. Forstner ƙasa shimfiɗaɗɗe take bari, wannan na sukuru mai kai shimfiɗaɗɗe a ƙasa ne ko mai wosha. Sukurun da muka saba dashi ƙasan kansa kamar mazurari yake, in ka ɗaure shi da ƙarfi a zan kusa da bakin katako yana iya tsaga shi. Sai ka ɗan taɓa bakin ramin tsakiya da rishar takwish, wadda ke fafe wurin zaman kai, ta digiri 90 ga sukurun mili, na Amurka 82 ne. Akwai kuma risha haɗaɗɗiya, siririya a tsakiya da kai mai fafewa da ake ɗaurewa da alanki, tana yin jagora da fafewa da gurbi a tafiya ɗaya. Tana da sauri wallahi, ga aikin suwaidi mai yawa ina sonta, amma yawancinsu gurbin 3/8 suke bayarwa, ka duba kafin ka haɗa ta da mai yanko matoshi, sannan bata buɗa ramin tsakiya, wannan sai ka bi da wata.

In aikin MDF ne, allon garin katako da aka matse da gam, ko allo mai melamin, ka sayi mai bakin kabaid, gam ɗin dake cikin allon yana dakushe rishar ƙarfe da wuri. A zan kuma kar ka bata gudu sosai, ka dinga ɗagowa dusa na fita, in kaga hayaƙi ko bakin rami yayi baƙi toh ta dakushe ko gudun yayi yawa, kuma gam baya kama ƙonannen bango da kyau.

Saman teburin kuma ka kula. Katako na gaske yana kumbura a faɗinsa yana tsukewa, daga danshin warsha a Jidda zuwa falo mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana zai motsa. Sukurun dake riƙe saman daga ƙasa, na gefe-gefe, ka ɗan tsawaita raminsu na tsakiya ta ɓangaren faɗin katakon ka saka wosha, waɗannan basa buƙatar matoshi tunda ba'a ganinsu.

Abinda zaka sayo kenan in sukurunka mai mili 4 ne: Forstner ko mai tsini ta mili 10, mai yanko matoshi ta mili 10 mai tsukewa, risha 4.5 da risha 3, da ta takwish. Ka tafi da sukurun a aljihu. In ka dawo kar ka taɓa teburin sai ka gwada duka a guntun zan, gam kaɗan a bangon rami ba a kan sukuru ba, ka buga matoshi a hankali, ya bushe, ka yanke da zarto mai laushi ka bar ɗan tudu sannan ka bi da sanfefa. Ramukan da suka riga suka yage kuma basu lalace ba, ka huda ramin 12 a guntun katako ka matse shi a kansu ya zama jagora, ka buɗa su zuwa 12 da Forstner ka toshe da matoshin 12.