Gishirin narkar da ƙanƙara da ruwan ƙarƙashin ƙasa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake lissafa tafiyar gishirin da Amurka da Kanada ke watsawa a titi lokacin sanyi har ya kai ga rijiyoyi, da ko aikin zai yi maka amfani a nan Zariya tunda ba mu da dusar ƙanƙara.

Ka fara da MODFLOW, manhajar hukumar binciken ƙasa ta Amurka, don gano inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke gangarawa. Sai ka ɗora wata manhajar, MT3DMS, a kai, ita ke bin sawun gishirin. Gishiri haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kuloraid; kuloraid za ka bi. Ba ya maƙalewa a ƙasa, tare da ruwa yake tafiya, shi kuwa sodiyam yumɓu na riƙe wani sashensa. Da zarar kuloraid ya haura miligiram 250 a lita, za a fara jin ɗanɗanonsa. A cikin lissafin, kada ka shigar da gishirin shekara a lokaci guda, domin sai ƙanƙara ta narke yake shiga ƙasa.

Amfani kam akwai. Rijiyoyin Samaru da Sabon Gari ba su da zurfi, masai da juji kuma na kusa da su. Masai ma kuloraid yake tsiyayarwa, damina ce ke tura shi ƙasa. Wahalar ita ce samun ma'aunin zurfin ruwan rijiyoyi rani da damina.