Hilux tana ƙara a ƙasa bayan tsallaka ruwa

Malam, in na fahimce ka, tun da Hilux ɗinka ta tsallaka rafi da damina kake jin "ƙwas" idan ka saki kuloci, kuma tana karkarwa in ta ɗauki gudu.

Fara da farfela, sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya. Kashe mota, ka sa ta a firi, ka tokare tayoyi da dutse, ka shiga ƙarƙashi ka murɗa farfelar da hannu. In kuros ɗin, wato mahaɗin da ke ƙarshen farfelar, yana wasa, ko ka ga jan tsatsa a bakinsa, ruwa ya wanke giris, ya riga ya ci. Canza shi, ɗura masa giris ɓoye ƙarar kawai zai yi. Kafin a kwance farfelar a yi alama da fenti, don a mayar da ita yadda take.

Sannan a duba man aksul na gaba da na baya, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyi. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, domin aksul mai zafi yana zuƙo ruwa ta ƙofar shan iskarsa. A zubar, a sa sabon man giya nau'in GL-5.

Abin da ya taɓa cin kuɗina shi ne mantawa da mota a 4H, wato giyar da ke jan tayoyi huɗu, a kan busasshiyar kwalta. Ka koma 2H, mai jan tayoyin baya kaɗai, da zarar ka fita daga taɓo.

In kuma gunji kake ji wanda ke sauyawa da taka totur, haƙoran cikin aksul ne. Wannan sai bakaniken da ke da ma'aunin saita su.