Filin Tambaya da Amsa: Rahoton Ayyukan Reshen Ƙungiyar Sa-kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sabon sakataren reshen wata ƙungiyar sa-kai a Funtuwa, kuma uwar ƙungiya ta aiko da takarda cewa kowane reshe ya miƙa rahoton ayyukan da ya yi wa al'umma a bana kafin babban taro. Mun yashe magudanan ruwa kafin faɗuwar damina, mun gyara rijiyar burtsatse a wata makarantar firamare, mun raba kayan abinci da azumi, mun kuma kai 'yan ƙungiya asibiti sun ba da jini. Sai dai wanda na gada bai bar komai a rubuce ba, in ban da hotuna a WhatsApp da 'yan rasidai a cikin leda. Shugabanmu ya ce in ƙiyasta adadi in cike fom kawai. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam sakatare, Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Zan fara da maganar shugabanku, domin a nan ne yawancin rahotannin rassa suke lalacewa. Ƙiyasi ba laifi ba ne idan an kira shi da sunansa, amma ƙiyasin da aka shigar a fom kamar ƙidaya ce ƙarya ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, kuma sa hannunka ne zai kasance a ƙasan takardar. Uwar ƙungiya za ta haɗa adadinku da na sauran rassa ta kai gaban masu ba da tallafi, kuma ranar da wani daga cikinsu ya ce a nuna masa gidajen da aka ce an ciyar, kai za a fara nema. Ka gaya wa shugaba wannan cikin ladabi, kana ka nemi ya ba ka mako biyu ka bi sawun ayyukan.

Abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato. Saƙonnin WhatsApp suna ɗauke da ranar da aka tura su, don haka daga hotunan za ka tsara wane aiki ya riga wane. Ka je banki tare da ma'aji ku karɓo bayanin shige da ficen kuɗin asusun reshe na shekarar, ku jera rasidan nan a gefensa, duk kuɗin da ya fita babu rasidi ku tambayi wanda ya karɓa ya rubuta abin da ya saya ya sa hannu. Sashen ajiyar jini na asibiti yana da rajista, kuma idan kun rubuta takarda a hukumance kuna iya roƙon su tabbatar muku da yawan ledojin da aka ɗiba a ranar, ba tare da sun ba ku sunan kowa ba. Shugaban makaranta ya san yawan ɗalibansa da ranar da famfon ya dawo aiki. Rabon azumi kuwa da wuya a yi shi ba da sanin mai unguwa ko limami ba, kuma sau da yawa jerin sunayen yana nan a wurin ɗayansu. Abin da ya gagara bayan duk wannan, sai ka rubuta a fili cewa ƙiyasi ne, ka faɗi kuma a kan me aka gina shi.

Idan ka zo rubutu, ka ba kowane aiki sakin layinsa, ka faɗi matsalar da aka tarar, da ranar da aka yi aikin, da unguwar, da waɗanda suka fito, da abin da aka kashe, da halin da aka bar wurin. Gabatarwa mai cike da kirari da godiya ga manyan baƙi ba ta da amfani ga mai karanta rahotannin rassa ashirin a zama ɗaya, layi biyu sun isa.

Wurin da nake so ka tsaya sosai shi ne ƙidaya. Gida daban, mutum daban. Idan kun raba wa gidaje 60 kayan abinci, ka rubuta gidaje 60, kada ka ninka da goma ka ce mutum 600 suka amfana don kawai an san gidajenmu da yawan jama'a. Idan kuma gidajen nan 60 ɗin ne suka karɓa a farkon azumi suka sake karɓa a goman ƙarshe, ba su zama 120 ba, gidaje 60 ne da aka kai wa sau biyu. Haka nan ma'auni: mudu da tiya da kwano suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, wanda yake karatu a hedikwata ba zai san na Funtuwa ba, saboda haka ka rubuta buhu nawa mai kilo nawa aka saya, sannan kowane gida ya sami kimanin kilo nawa. A batun jini ka raba waɗanda suka je da waɗanda aka ɗiba, domin ana mayar da wasu bayan gwaji, kuma leda nawa aka samu shi ne adadin da yake da ma'ana. Aikin gayya ma yana da nasa lissafin, wanda sakatarori da dama suke mantawa alhali shi ne babban jarin ƙungiyar sa-kai. Misali, idan mutum 25 suka fito yashe kwalbati na awa 4 a ranakun Asabar 3, awa 300 ke nan na ƙarfin jama'a da ba a biya ko sisi ba. Tifar yashi ko buhun siminti da wani ya bayar kyauta ka rubuta su a gefe a matsayin gudummawar kaya, kada ka cakuɗa su da tsabar kuɗin da ya shiga asusu, in ba haka ba lissafin ma'aji ba zai taɓa daidaita ba.

Bayan haka ka koma wuraren da ƙafarka kafin ka rufe rahoton. Cewa an gyara rijiya labarin rana ɗaya ne. Abin da uwar ƙungiya take buƙatar sani shi ne ko har yau tana ba da ruwa, da kuma wanda aka ɗora wa kula da ita. Idan ka tarar ta sake lalacewa bayan wata biyu, ko magudanar ta sake cikewa da shara kafin watan Agusta, ka rubuta hakan da dalilinsa. Na san yana da nauyi a ce reshe ya kai ƙarar kansa, amma daga irin wannan sakin layi ne ake gane cewa ana buƙatar kuɗin gyara a kasafin baɗi, kuma rahoton da komai nasa nasara ce yakan sa mai karatu ya yi shakkar dukkansa.

Daga ƙarshe a karanta rahoton a zaman reshe, 'yan ƙungiya su gyara abin da suka gani, sannan shugaba da ma'aji da kai ku sa hannu. Daga yau kuma ka sayi babban littafi mai bango, ka riƙa rubuta kowane aiki a ranar da aka yi shi, masu fitowa su sa hannu a wurin kafin a watse.

TAMBAYA: Ni ce ma'ajiyar reshen mata na wata ƙungiya a Gombe. Wasu iyayenmu a cikin ƙungiyar suna cewa rubuta abin da aka bayar da ɗaukar hoto riya ce, tana ɓata lada. Hedikwata kuma ta ce rahoton da babu hoto ba za a karɓa ba. Yaya zan yi?

AMSA: Hajiya, iyayen nan suna da gaskiya a wani ɓangare, kuma bai kamata a yi watsi da maganarsu ba. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, aya ta 271 kuma ta nuna fifikon ɓoye ta. Sai dai a wannan surar ce aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Hukuncin fiƙihu na malamai ne, kuma ina ba ki shawara ki nemi malamin da iyayen suke girmamawa ya yi musu bayani. Abin da zan iya cewa shi ne kuɗin da ke hannunki ba sadakarki ba ce da za ki ɓoye, dukiyar mutane ce da suka damƙa miki, kuma suna da haƙƙin sanin inda ta tafi. Wadda ba ta son a ambaci sunanta sai a rubuta cewa wata baiwar Allah ta bayar da kaza, adadin ya shiga lissafi, sunan ya tsaya tsakaninki da ita.

Hoto kuwa, a nan ina tare da iyayen. Tsayar da bazawara ko maraya riƙe da ƙullin shinkafa a gaban kyamara cin mutunci ne, ko da ba a yi nufin haka ba, domin mai buƙata ba ya iya cewa a'a ga wanda ya kawo masa abinci. Hedikwata shaida take nema, kuma hoton buhuna a jere, da na mata suna awo, da na rasidi, da na ɗakin da aka gyara kafin aiki da bayansa, duk shaida ce da ta wadatar. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta shekarar 2023 ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ake ba kulawa ta musamman, ta kuma ce idan ana neman amincewa a kan bayanan yaro, wurin iyaye ko mai riƙonsa ake nema. Don haka jerin sunayen marasa lafiya da marayu ya zauna a kulle a wurinki, a rahoto a sa adadi kawai.

TAMBAYA: Shin reshe zai aika rahotonsa ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC? Daga wani mai karatu a Birnin Kebbi.

AMSA: Ɗan'uwa, idan reshenku ba shi da rajistar kansa, wannan nauyi yana kan amintattun uwar ƙungiya, wato mutanen da aka yi wa rajista a matsayin masu riƙe da ita a hukumance. Dokar kamfanoni ta shekarar 2020 ta wajabta wa amintattun ƙungiya mai rajista su miƙa wa hukumar bayanin shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da lissafin kuɗi da mai binciken kuɗi ya tantance, ta kuma ce a adana takardun lissafi har shekara 6. Wannan ne dalilin da ya sa hedikwata take matsa wa rassa, domin ba za ta iya rufe nata lissafin ba sai naku ya iso. Ku aika kwafin rasidai tare da rahoto, ku riƙe na asali a fayil ɗin reshe sai idan tsarin mulkin ƙungiyarku ya ce a miƙa su. Idan kuwa reshen ya yi rajista da sunansa, to amintattunsa ne za su miƙa nasu bayanin kai tsaye, kuma ya kamata ku nemi lauya ko akanta ya duba muku takardun kafin wa'adin ya cika.