Dole ne zanen tatu ya kasance da ma'ana?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 23, ina karatu a Jos. Na daɗe ina sha'awar yin zanen tatu a damtsena, kuma abin da raina ya kwanta da shi hoton shamuwa ce ta buɗe fukafukai. Ba ta tuna mini da kowa, kyau kawai take yi mini. Abokaina sun ce ɓarnar fata ce mutum ya zana abin da ba shi da ma'ana, wai gara in rubuta sunan mahaifina da ya rasu ko na budurwata. Shin dole ne sai zane yana da ma'ana? Kuma yaya zan zaɓi wanda ba zan yi da-na-sani ba?

Amsa: Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Ba dole ba ne, kuma shawarar abokanka ta fi taka haɗari. A aikina na likitan fata, waɗanda suka fi zuwa neman a goge musu zane su ne masu ɗauke da sunan wani ko wata. Ranar da aka zana, ma'anar ta cika musu zuciya. Bayan shekara biyu soyayya ta watse, tawada kuwa tana nan daram. Ma'ana tana canzawa yadda mutum ke canzawa, fata ba ta san da wannan ba.

Ba ka faɗi addininka ba, ni kuma ba zan tsallake wannan ba, domin a wurinmu shi ne farkon magana. Idan Musulmi ne kai, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an la'anci mai yin zanen da ake huda fata a cusa launi, da mai neman a yi mata, kuma jumhurun malamai sun tafi a kan haramcinsa ga mace da namiji. Kyawun ma'ana ba ya sauya wannan hukunci, ko da sunan mahaifi ne. Idan Kirista ne kai, Littafin Firistoci 19:28 ya hana tsaga jiki domin matattu da yin zane a jiki, sai dai majami'u sun sha bamban a kan yadda ayar ta shafi mai bi a yau. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ma har gobe suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu. Ka zauna da malaminka ko fastonka kafin ka zauna gaban mai allura. Na ga samari da ba fatarsu ce ta dame su ba, zuciyarsu ce ta ƙi kwanciya.

Wannan ra'ayi na cewa sai zane ya ba da labarin mai shi, sabon abu ne. Duba ƙasarmu. Wanzamai sun san tsaga iri uku: ta gado, ta magani, da ta kwalliya. Tsagar Gobirawa da ke tasowa daga gefen baki ta nufi kunne tana da ma'ana, amma ma'anar ta dangi ce, jaririn da aka yi wa bai zaɓa ba. Shasshawar magani ana yin ta a inda ke ciwo. Ita kuwa ta kwalliya, irin su kalangu da 'yar baka da 'yan mata ke so, ba wanda ya taɓa tambayar budurwa me take nufi da ita. Ado ne, ya isa. Haka abin yake a wasu ƙasashe. Gawar mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, tana ɗauke da zane 61, yawancinsu 'yan layuka ne a gaɓoɓi da ƙugu, kuma masana da dama na ganin na magani ne. Bayan Samuel O'Reilly ya yi wa injin tatu mai aiki da lantarki rajista a New York a 1891, abin da aka saba shi ne mutum ya shiga shago, ya dubi zanukan da aka liƙa a bango, ya nuna wanda ya burge shi. Kai da shamuwarka ba ku zo da wani baƙon abu ba.

Ko a Amurka, inda abin ya zama ruwan dare, binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manya suna da tatu. A cikinsu kashi 69 sun ce tunawa da wani ko girmama wani abu na cikin dalilansu, kuma duk da haka kashi 24 sun ce suna nadamar aƙalla zane ɗaya.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne nan: ko kai ba ka ba zanen ma'ana ba, masu kallo za su ba shi. Manomi a Katsina ya ga shamuwa, damina zai tuna, domin ita ce mai bushara da ruwa. Amma ka gama karatu a tura ka bautar ƙasa Legas ko Benin, tsuntsu mai buɗaɗɗun fukafukai a damtsen saurayi yana iya zama wani karatu daban. Ƙungiyar asiri ta Eiye, wadda sunanta ma tsuntsu yake nufi da Yarabanci, da tsuntsu aka san ta, kamar yadda aka san abokan gabarta da gatari. Mai neman ramuwa ba zai tsaya ya bambance shamuwa da mikiya ba. Ka tuna kuma cikin koke-koken matasa a zanga-zangar EndSARS ta 2020 akwai tare mutum a hanya don kawai an ga zane a jikinsa. Sanarwar ɗaukar sababbin sojoji a Najeriya takan sa sharaɗin kada mai nema ya kasance da tatu. Sannan akwai ranar da magabatanka za su je neman aure, a yi bincike a kanka a unguwa. Ban ce daidai ne a yi wa mutum hukunci da fatarsa ba. Ina gaya maka ne cewa ana yi, kuma kai za ka ɗauki nauyin, ba abokanka ba.

Yanzu ga abin da ya shafi aikina kai tsaye. Allurar tana kai tawada zurfin kusan milimita ɗaya zuwa biyu, ƙarƙashin fatar sama da ke saɓulewa, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye ta su riƙe. Shi ya sa ba ta fita. Mu masu baƙar fata muna da wata matsala ta musamman, wato tabon nan mai tsiro da tauri da ake kira keloyid, wanda ya fi son ƙirji, kafaɗa, saman baya da kunne, kuma damtse na kusa da kafaɗa yana cikin wuraren da yake fitowa. Ka duba tabon rigakafin da ke hannunka, da duk wani tsohon yanka. Idan akwai wanda ya yi tudu ya zarce girman raunin, ko a gidanku akwai mai irin wannan, to ka haƙura da maganar gaba ɗaya. Keloyid yana da wuyar magani, yakan dawo ko an yanke shi.

Gogewa kuma ba kamar yadda ake tallarta take ba. Na'urar leza tana farfasa tawadar ne a hankali, sau da yawa sai an yi zama shida zuwa goma ko fiye, da tazarar mako shida zuwa takwas tsakanin kowane zama, ga zafi ga tsada. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya suna da taurin kai, ja kuma ita ta fi jawo ƙaiƙayi da borin fata. A baƙar fata lezar tana iya cin launin jiki tare da tawadar, a bar mutum da farin tambari mai siffar zanen da ya gudu daga gare shi. Batun allura kuma ba wasa ba ne a ƙasar da binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum takwas cikin ɗari na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Allura sabuwa a buɗe ta a gabanka, tawada a zuba sabuwa, mai zane ya sa safar hannu. In babu ɗaya daga ciki, ka tashi.

Idan bayan duk wannan ranka bai sauka ba, ka gwada kanka kafin ka gwada fatarka. Ka sa a zana maka shamuwar da jan lalle a daidai wurin da kake so. Zai yi mako biyu zuwa uku ya baje, ka sake, har wata shida. Ka je gida da ita, ka gaida Mama da ita, ka ga ko hannunka na kai wa ga jan hannun riga. Jan lalle na ce, ban da baƙin nan da ake haɗawa da dayis, domin sinadarin rinin gashi da ke cikinsa yana ƙona fatar wasu ya bar tabo.

Sunan budurwa kuwa, ka cire shi daga lissafi. Sunan Baba ya fi nauyi, na san abin da ya sa maganar ta taɓa ka, amma ka tambayi kanka ko shi da yana raye zai yi murna ya ga sunansa a damtsenka. Mafi yawan iyayenmu ba za su yi ba. Kafin ka yanke komai, ka je asibiti likitan fata ya duba tsofaffin tabonka, a kuma yi maka gwajin ciwon hanta, in ba ka da shi a yi maka rigakafi. Allurai uku ne cikin wata shida, daidai da lokacin da za ka yi kana gwajin lallen.