Ga mai shirin gina ɗakin gumagumai a gona: maganar ɓera tana farawa tun daga harsashi

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka cewa kana shirin gina ɗaki na gumaguman itace a gonarka ta hanyar Kujama, kuma ɓeraye da gafiya sun riga sun tare a cikin itacen da ka jibge, don haka kana neman maganin da ya fi kashe su. Na gina irin wannan ɗaki shekara shida da suka wuce a gonata da ke bayan Maraban Rido. Ina roƙonka ka ajiye maganar guba tukuna, domin yawancin aikin hana ɓera shiga ɗakin katako ana yin sa ne a lokacin gini, kuma abin da aka bari a wannan lokaci yana da wuyar gyaruwa bayan an ɗora kwano.

Ka fara da itacen da ke jibge. Duk itacen da aka zube a ƙasa cikin ciyawa ya zama gida ga ɓera, sannan ga gara tana cinsa ta ƙasa. Ka sa a ɓare ɓawon kowane gungume, a ɗora su a kan bulo cikin inuwa yadda iska za ta ratsa tsakaninsu, a nome ciyawar kewaye. Ni na yi gaggawa na yi gini da ɗanyen itacen turare a ƙarshen damina, ina ganin ya haɗu tsaf, amma da hunturu ya kama a watan Disamba sai itacen ya bushe ya motse, tsagogi suka buɗe tsakanin gumaguman har ina hango hasken rana daga kan gadona. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba, wato kimanin milimita 6, saboda haka waɗannan tsagogi ƙofofi ne a wurinsa. Ka bar itacenka ya sha rani guda kafin kafinta ya taɓa shi. Idan kana da hali, ka sa ƙirya ko maɗaci a layin ƙasa saboda taurinsu, kuma a shafe su da maganin gara na Solignum ko baƙin mai.

Inda na fi so ka kashe kuɗi shi ne ƙasan ɗakin. Kakanninmu ba su ɗora rumbu a kan duwatsu don ado ba. Ɗakina na zaune a kan ginshiƙan bulo da siminti masu tsayin ƙafa uku, kuma a wuyan kowane ginshiƙi an ɗaura kwano mai santsi da aka lanƙwasa kamar mazurari a kife, ta yadda idan ɓera ya hau zai tarar da rufi a kansa ya rasa inda zai kama. Masu aikin kwano a kasuwar Panteka ta Kaduna suna yin sa cikin sauƙi idan ka kai musu awo. Sai dai matakala tana iya ɓata wannan aiki gaba ɗaya, domin ita ma hanya ce. Tawa ta ƙarfe ce, kuma akan janye ta da dare. Idan daɓe ka fi so, to a zurfafa harsashin, a zuba kankare sosai, saboda gafiya takan haƙo rami ta ƙarƙashi ta shigo. Akwai wani maƙwabcina da ya wayi gari ya ga tulin jar ƙasa a tsakiyar ɗakinsa, gyaɗar irinsa kuwa rabin buhu ta koma cikin rami.

Game da cike tsagogi, laka da ciyawa kaɗai ba su isa ba, na gwada. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina girma muddin yana raye, shi ya sa dole ya yi ta gwaguya, kuma laka da roba da katako mai laushi da rigar wayar lantarki duk ba su gagare shi ba. A fara buga raga ta ƙarfe mai ƙananan idanu a cikin tsaga, sannan a bi ta da siminti da yashi. Haka za a yi wa tazarar da ke tsakanin bango da kwano, da wurin da bututu ko wayar sola ta shiga, a kuma naɗe gindin ƙofa da kwano. Duk reshen da ya taɓa rufi a sare shi.

Bayan wannan sai abinci, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada ka kwana ɗaki ɗaya da masara. Hatsina yana cikin durom na ƙarfe mai murfi, a wata rumfa nesa da ɗakin kwana, kuma ba a barin ragowar tuwo ko dussar kaji a buɗe. Za ka ga sun fi matsa maka bayan girbi, lokacin da aka kwashe amfanin gona aka fara ƙona daji, domin a nan ne suke rasa abinci da mafaka. Ka tuna kuma cewa inda ɓera ya yawaita maciji yana biyo shi.

Dalilin da ya sa ba na son guba shi ne ɓeran yakan je ya mutu a cikin bango inda hannu ba ya kaiwa, ka sha wari mako guda, sannan kaza ko kare ko kyanwa na iya cin mushen, ga kuma yaran masu aiki da ke yawo a gona. Tarko na ƙarfe da aka ɗana a jikin bango da ɗan ƙuli-ƙuli ya fi mini amfani, domin ɓera gefen bango yake bi. Ina da kyanwa biyu, suna ƙoƙari a kan ƙananan ɓeraye, amma ban taɓa ganin sun tunkari babbar gafiya ba.

Akwai kuma batun lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, wani ɓeran daji mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, yana yaɗuwa ta fitsarinsa da kashinsa idan suka taɓa abinci, kuma ya fi tashi da rani. Lokacin da za ku kwashe itacen nan da ka jibge, kada a share kashin ɓera a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwan Hypo, a rufe hanci, a sa safar hannu ko leda, a binne mushen. Idan wani cikin masu aikinka ya yi zazzaɓin da maganin maleriya bai saukar ba, a kai shi asibiti a gaya wa likita irin aikin da ya yi.

Idan magini ya fitar da ginshiƙan, ka turo hotonsu kafin a ɗora itacen farko, in duba tsayinsu da yadda aka ɗaura kwanon.